Furen Ƙanƙara a Kwangila

Da hadarin farko ya taso ta wajen Galma
na duƙa na duba ƙafafun jif ɗin da Baba ya bari.
Sun yi sumul kamar tafin jariri,
ta baya ta hagu har ta yi ƙulu a gefe.
Gona kuwa tana can bayan Dakace,
inda laka ba ta bambanta mai mota da mai jaki.

Ranar Talata na tafi Kwangila,
layin da tayoyi ke jibge kamar ƙuli-ƙuli a faranti.
Ban kashe inji ba Barau ya tare ni:
"Hajiya, ga daidai ke.
Faɗi kamar faifai, tsayi kamar turmi,
ki sa ta, kowa ya ba ki hanya a Sabon Gari."
Ya mirgino ta, baƙa ƙirin,
jikinta duk tsaga, sirara-sirara,
a gefenta ɗan zane: dutse mai kai uku,
a cikinsa wani fure da ban taɓa gani a lambu ba.

Na ce, furen mene ne?
Ya ce, ado ne kawai.

Malam Tanimu mai faci na zaune kan tsohon rim,
kofin kunun tsamiya a hannu.
Ko ɗagowa bai yi ba.
"Ƙanƙara ce," in ji shi.
"An yi ta don ƙasar da ruwa ke sandarewa a titi,
shi ya sa robarta ke da taushi.
Ki hau kwaltar Kaduna da ita da azahar,
ta cinye kanta kamar man shanu a kan tuwo."

Barau ya ce, Baba, ka ɓata mini ciniki.
Ya ce, gara wannan da zuwa ta'aziyya.

Sai ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya buɗe ƙofar direba,
ya goge jikin ƙarfen da babban yatsa.
Wata 'yar takarda ta fito.
Shekara nawa ina shiga ina fita,
zanina na shafarta, ban taɓa ganin ta ba.

"Karanta."
Ɗari biyu da sittin da biyar. Sittin da biyar. Sha bakwai.
"Na farko faɗi, na biyu tudun gefe,
na uku bakin rim.
Wanda ya ƙera ta ya riga ya auna ƙafarta.
Ki ƙara mata, ta riƙa gugar jiki in kin karya kwana,
ta sha mai kamar raƙumi ya ga rijiya,
allura ta ce tamanin alhali kin wuce.
Takalmin da ya fi ƙafa
mai shi yake fara kayarwa."

Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin da'ira,
mako da shekara.
Ashe taya ma tana da ranar suna.
Wadda Barau ke yabo ta girmi autata.

Kuɗina biyu suka saya, ba huɗu ba.
Ya ce a sa su baya, in sauran sun samu in dawo.
Da na buɗe aljihun mota neman canji
sai ga rasit, ya yi ja don tsufa,
rubutun Baba a bayansa da fensir,
lambobin nan uku, a jere,
da sunan Tanimu a ƙasa.
Ban ce masa komai ba. Na ƙara masa ɗari biyar.

Yayyafi ya fara ina hawa titi.
A madubi na hango ta jingine da bango,
baƙuwar da ta ƙetare teku ba a tambaye ta ba,
ruwan Zariya mai ɗumi na sauka kan furenta.
Barau ya riga ya juya,
yana ɗaga wa wata mota hannu.